Furoje Gatan Marayu

Butulci ya yi wa mutanenmu katutu, kuma ya kamata wani ya fito ya faɗa. Shekara da shekaru ke nan fararen motoci kat-kat suna fita daga Maraɗi da sanyin safiya, wasu su miƙe gabas ta Caduwa su faɗa Agye da Gazawa, wasu su bi ta Tibiri su nufi Gidan Rumji, ɗauke da ganguna da fenti da manyan takardu na mannawa a bango, duk saboda ƴaƴanmu. Amma har yau ban ji maroƙin da ya tsaya a bakin kasuwa ya yi wa Furoje, mai motocin nan, kirari ba. Ɗan kokawa ya kada mutum ɗaya a kwana ana kiɗa, shi kuwa wanda ya taso tun daga bayan teku don ya koya wa yaron ƙauye yin waƙa, ko sannu da zuwa ba a yi masa da kyau. To ni zan yi masa, ko da ba a liƙa mini dala ba.

Ga dabarar da ya zo da ita, don wanda bai sani ba. Akwai yaran da ke bakin ƙofar lakwal, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje: ɗan da ake janyewa duk ranar kasuwa, ɗiyar da ake ɗora wa talla, maraya, ɗan gudun hijira, da wanda ya maimaita aji har tabarmar ajin ta san shi. Masana suka ce hadda da bulala ba za su riƙe irin waɗannan ba. A sa su zane da waƙa da wasan kwaikwayo, a ba su wani aiki guda su yi shi tare daga farko har ƙarshe, lambu ne ko kiwon kaji, karatu da lissafi su shigo ta cikin aikin. Magana ce mai kyau, ba mai ja. A Amurka aka tsara ta, John Dewey ya share fage, almajirinsa William Kilpatrick ya fitar da ita a wata maƙala a 1918. Shekara ɗari ta yi a hanya kafin ta iso Gangara, kuma ba laifinta ba ne. Duk wanda ya san yashin wajen ya san mota ba ta sauri.

Babbar baiwar Furoje ita ce gano abin da ba wanda ya sani. Shi ne ya gano, bayan bincike na watanni da tambayoyi shafi-shafi, cewa yaron Gazawa yana da hannu, kuma in an horar da shi yana iya ƙera abu da shi. Kafin binciken nan, shirme kawai yaron yake yi. Ya fere kara ya ciro totuwa, ya harhaɗa mota da ƙayar aduwa, har da ƙofa mai buɗewa da ɗan kwandasta a baya. Ya yi kiwon ɗan rago tun yana bin uwa har layya, ya san dussar da yake ci da harawar da za ta kai shi. Ƙanwarsa tun ba ta gama wayo ba take zaune gefen kakarta tana tsaga kabar Gulbin Kaba, tana saƙa faifai da tabarma. Da dare a dandali su yi gaɗa, su tsara baiti nan take su yi wa mai rowa habaici. Azumi ya kai goma su fita tashe da gemun auduga, su kwaikwayi liman da maigari har dattawa su riƙe ciki. Wa zai kira wannan fasaha, alhali ba wanda ya cika takarda a kai, ba hatimi, ba sa hannu?

Ku dubi ƴar tallar aya a tashar Caduwa. Mota ta tsaya, hannaye sun fito ta taga, wannan na dala goma yake so, wancan na ashirin da biyar, wani ya miƙo jika yana jiran canji, direba kuwa ya riga ya sa giya. Ta sallami kowa ba ta yi ɓatan ko dala ba, don ta san abin da ke jiranta a gida in ciniki ya yi giɓi. Kowace dala tamma biyar ce, wato yini take tana ninkawa da biyar a ka. Washegari Mushe ya tambaye ta biyar sau ashirin da Faransanci, ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane. Nan take sunanta ya shiga jerin yara masu rauni. Alhamdu lillahi, Furoje ya tanadar mata magani: za a buɗe ɗan kanti na wasa a kusurwar aji, da kuɗin takarda da aka yanka da almakashi, ta koyi yadda ake saye da sayarwa.

Inda na fi jinjina masa shi ne tawali'u. Furoje ba ya shiga hurumin da ba nasa ba. Bango da rufi aikin gwamnati ne, shi nasa abin da za a manna a bangon. Kuma in an duba da idon basira, ajin zana shi ne uban duk wani koyo ta hanyar aiki. A takarda Oktoba ake komawa lakwal, amma a lokacin aji yana nan tsaye a gona, sai an girbe hatsi an sami kara. Sannan yara su bazama, kowa da dami a ka, iyaye su kawo dirka da igiya, a haƙa, a kafa, a ɗaure. Ga awo, ga ƙirga, ga haɗin kai, ba a kashe ko tamma ba. Kafin a gama Nuwamba ta yi nisa. Hunturu ya zo ya koya musu ilimin yanayi ta kafofin zana, awaki su zagaya ta baya su cinye rabin bango, iskar farkon damina ta kwashe saura. Baɗi a sake. Wace makaranta ce a Faransa ke ba ɗalibi damar gina ajinsa sau shida kafin ya gama firamare? Gwamnatin Bazoum da kanta ta ce irin waɗannan azuzuwa sun kai wajen 36,000 a ƙasar, amma a ce wai an bar mu a baya.

Masu baƙin ciki za su tuno da 2021, na sani. A watan Afrilu wuta ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba ta sake kamawa a cikin garin Maraɗi, aƙalla 25 suka tafi, ƴan shekara biyar da shida. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Hukuma ba ta yi barci ba, aka yi makokin kwana uku a jihar, aka fitar da sanarwar hana sa ƙananan yara a ajin zana. Sanarwar tana nan daram, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba, don a ofis mai siminti aka ajiye ta. Shi kuwa Furoje irin wannan ba ya wuce shi, abin wasan kwaikwayo ya samu: yadda yara za su fita a jere, ba turereniya, daga ɗakin kara mai ƙofa ɗaya.

Sai malamai. Mafi yawan masu riƙe da alli a ƙauyukanmu ƴan kwantaragi ne. A 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, aka zaunar da dubun-dubatarsu aka yi musu jarrabawa kan abin da suke koyarwa, kusan ɗaya cikin uku ne kawai ya kai rabin maki. Mai gajeren tunani zai ce a mai da su makarantar horon malamai, a riƙa biyansu kan kari. Furoje ya fi haka hikima. Kwana biyar a otal a Maraɗi, ɗaki mai sanyi, shayi da burodi da hantsi, shinkafa da kaza bayan azahar. A raba su rukuni-rukuni su zana itacen matsaloli a babbar takarda, da saiwa da rassa, su yi wa juna tafi na musamman mai ƙarewa da ihu, ranar ƙarshe a ba kowa takardar shaida da ambulan. Mutum ya shigo lissafin rabawa yana ba shi wuya, ya fita gwanin haɗa lissafi da rawa. Kada kuma a raina ambulan ɗin nan. Ferdiyam ɗin da ke cikinsa shi ne kuɗi ɗaya tilo a rayuwar ɗan kwantaragi da ke zuwa ranar da aka ce zai zo. Shi ya sa darakta mai rabo, wanda furoje uku suka haɗu a lakwal ɗinsa, yakan yi makonni bai leƙa aji ba. Yara ba su yi asara ba, an bar wa babban cikinsu tsumagiya da takardar rubuta sunayen masu surutu, abin da rahoto ke kira yara suna koyar da juna.

Harshe kuwa Furoje bai taɓa shi ba, kuma ya kyauta. Yaro ya tashi da Hausa ko Fulatanci, ranar farko a tarbe shi da Faransanci tun daga bakin ƙofa. Gwajin PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin ƴan ajin ƙarshe na firamare a Nijar, waɗanda suka kai matakin karatun da ake bukata ba su cika ɗaya cikin goma ba. Na 2019 ya ɗaga, amma har lokacin masu kaiwa su ne marasa rinjaye. To amma ku je ku ji su suna waƙa! Waƙar wanke hannu da sabulu, daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, da Faransanci garau, a lakwal ɗin da ko randa babu. Ka tambayi yaro me ya faɗa, ya yi maka murmushi mai daɗi. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara karatu da Hausa, aka kuma ga yaran suna ganewa. Da ƙasa ce mai garaje da tuni ta baza abin ko'ina. Mu muka yi haƙuri, a faɗaɗa kaɗan a tsaya, a sake suna a koma gwaji, har aka haura shekara hamsin. A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. An yi murna a rediyo, da safe aka koma aji aka ci gaba daga inda aka tsaya.

Ranar zuwan baƙi ita ce sallar Furoje, kuma na taɓa cin wannan salla a wani ƙauye arewa da Agye. Tun jajibiri aka share fili, aka yayyafa ruwan da mata suka sha wuyar jawowa daga rijiya. Aka aro bencina daga lakwal ɗin garin gaba a amalanke. Aka raba riguna masu tambari, masu kumatu suka jeru a gaba, masu ƙazwa da ciwon ido aka tura su baya inda na'urar hoto ba ta kaiwa. An ce da hantsi, baƙi suka iso rana ta take tsaka. Wasan kan auren wuri ne, kamar kullum. Wani yaro ya cusa tsumma a ciki ya zama Alhaji mai kuɗi, wata ƴar aji biyar ta fito amarya, Mushen wasa ya zo ya yi wa uban wa'azi, uban ya tuba nan take ya mai da sadaki. Yarinyar nan ta yi kuka har wata baƙuwa ta ciro hankici. Aka ce ba a taɓa ganin hazaƙa irin tata ba. Matan da ke leƙe ta bayan zana ba su tafa ba, don sun san an riga an ci goronta, bayan girbi za a kai ta. Binciken ƙasa na 2012 ya ce a jihar Maraɗi kusan mace tara cikin goma kafin shekara 18 ake aurar da ita. Ina za a sami ƴan wasan da suka san wasansu irin namu?

Da aka gama maigari ya miƙe ya gyara rawani.

"Ranku ya daɗe, mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ganguna sun iso lafiya. Sai dai yaran nan da yawansu ba su karya ba suke zuwa. In bazara ta shigo rumbu ya yi ƙasa, iyaye maza duk sun tafi cirani. Da za a sami ko kunu ne da hantsi..."

Jami'in ɗan ƙasa ne, yaro mai ladabi. Ya ɗan rusuna.

"Gaskiya ne, Baba. Amma abinci ba ya cikin layinmu, na wasu ne. Mu namu jawo hankalin yara."

"To ai ɗana, kunun ma yana jawo shi."

Aka bushe da dariya. Tafinta ya juya wa baƙi maganar, suka rubuta cewa al'umma ta nuna gamsuwa.

Kuma jami'in ya yi daidai. Kowa ya san duk lakwal ɗin da aka ɗora tukunya ba a bin yara gida-gida. Ƙasar da ta ga 2005, shekarar da cibiyoyin tamowa suka cika maƙil a jihar Maraɗi, ba sai masani ya zo ya gaya mata wannan ba. Amma tukunya tsohon yayi ce, ba a kiran taro a Yamai don a nuna ta. Shinkafa da wake in an ci sun ƙare, hoto kuwa yana nan har jikoki.

A ƙasar Gidan Rumji alherin Furoje ya fi fitowa fili. Tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suke tsallako iyaka dubu-dubu, ƴan bindiga sun koro su. Aka tsugunar da wasu a Cadakori da Dan Daji Makau da Garin Kaka, saura suka raɓa a gidajen dangin da ba su fi su ƙarfi ba. Ƴaƴansu sun ga abin da babba ma ba ya son tunawa. Furoje ya ba kowa farar takarda da fensir mai launi, ya ce ya zana abin da ke ransa. Suka zana babura, mutum uku-uku a kai, da bukka tana ci da wuta. Jan fensir ne ya fara ƙarewa. Zanen nan ya yi sa'a, ya shiga mota mai sanyi, ya hau jirgi, ya kwana a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, manya suka tsaya a gabansa suna girgiza kai. Mai zanen yana nan inda aka bar shi, an haɗa shi aji ɗaya da ƙannensa, don lakwal ɗin nan Faransanci take ji, shi kuwa ɗan guzurin da ya taho da shi allo ne da ƴan kalmomin Ingilishi. Amma dai wani abu nasa ya ga duniya.

Akwai tsofaffi masu gunagunin wai abin ba sabo ba ne. Wai tun 1909 Ɗan Hausa, Hans Vischer, ya haɗa karatu da sana'ar hannu a makarantar Nasarawa ta Kano. Wai zamanin Kunce samariya ce ke gina azuzuwa ta kuma yi wasan kwaikwayo, kuma Yazi Dogo malamin makaranta ne da ya zaunar da ƙasa duka gaban talabijin da Hausa. Wai a ƙarshen shekarun 1980 an sa ayyukan hannu da noma cikin manhaja, abin da ake ce wa APP. Duk haka ne. Sai dai ba ɗaya cikinsu da ke da allon ƙarfe a bakin titi mai tambari shida. APP kuwa da ta rasa mai riƙe ta, a wurare da yawa komawa ta yi sharar gidan darakta da ɗebo masa itace, wanda shi ma aiki ne.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu kawo zancen Dan Saga. Ƙauye ne a ƙasar Agye da gonakinsa suka zama fili fetal a shekarun 1980, iska na binne shuka da yashi. Manoma suka koma sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da kututture ya fitar, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, a gyara su a bar su su tashi, sabara da kalgo da gawo. Tony Rinaudo ya fara yaɗa dabarar daga Maraɗi a 1983, furojen FIDA na Agye ya tallafa daga baya, mutanen gari suka kafa kwamitinsu na tsaron itace. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Yaro ya bi ubansa gona da adda, ya koya a gindin kututture, ba ganga ba riga. Wai a yi koyi da wannan. Haba jama'a! Ai wannan kasawa ce. Abin da manomi zai ci gaba da yi bayan mota ta tafi, har maƙwabcinsa ya kwaikwaya ba a ba shi ko jika ba, ya kashe kasuwa. Haka Mata Masu Dubara, da CARE ta fara a ƙasar Maraɗi a 1991: an koya musu asusu suka riƙe, yau ko an zo ko ba a zo ba, ranar zubi suna zubi. Namu Furoje na lakwal ya fi su hangen nesa. Kamar mai maganin kasuwa yake, wanda ya san in ciwo ya warke sarai, kasuwa mai zuwa ba mai tsugunawa gaban tabarmarsa.

Shi ya sa yake da wa'adi, shekara uku, ba ƙari. Ranar rufewa a yi taro, a miƙa wa kwamitin kula da lakwal makullin kabad da nauyin ɗorewar aiki. Fenti ya bushe a gwangwani, gara ta shiga takardu, ɓera ya huda fatar ganga, Mushen da aka horar an yi masa canjin wuri ko ya ci jarrabawar shiga jandarma. Yaran kuwa sun ci gaba da koyo ta hanyar aiki, wasu suna tura baro a Kano da Legas, wasu sun yi arewa ta Agadas, wasu suna ramukan zinariya irin na Garin Liman a ƙasar Ɗan Isa, wanda ya rufta da mutum 18 kwana ɗaya kafin gobarar Maraɗi. Bayan damina ɗaya ko biyu sai wata farar mota ta tsaya, matasa su sauko da tambayoyi shafi-shafi, su gano cikin mamaki cewa akwai yara a garin nan da ke gab da barin lakwal.

Na ji furoje na gaba da kwamfutar hannu zai zo, kowane yaro ya riƙa zane da yatsa a kan gilashi. An riga an aiko wa maigari saƙo cewa a tanadi wuri mai kyau inda ƙura ba ta shiga, da inda za a riƙa sa caji. Ya sa an yi shela bayan isha'i, kowane gida ya kawo kara dami biyu.